Kiɗan jaz: asalinsa, tsarinsa da yadda ake jin daɗin sauraronsa

A ranar 30 ga watan Afrilun kowace shekara ake bikin Ranar Jaz ta Duniya, wadda hukumar UNESCO ta ware a watan Nuwamban 2011, aka kuma fara bikinta a 2012. Duk da haka, ba kasafai ake jin wannan kiɗa yana tashi daga shagon tela ko teburin mai shayi a unguwannin Hausawa na Garwa, Njamena, Kwatano ko Abijan ba. Wasu na ɗaukarsa kiɗan Turawa da manyan otal-otal, wasu kuma na cewa ba shi da kai ba shi da gindi. Alhali jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙirƙiro shi, kuma kunnen da ya saba da kalangu da ƴan amshi ya riga ya san yawancin abin da ake bukata domin a ji daɗinsa. Abin da ya rage shi ne mutum ya san inda zai kasa kunne.

Mene ne jaz?

Jaz, wanda ake rubutawa jazz da Faransanci da Ingilishi, kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka samar a farkon ƙarni na 20. Babban abin da ya bambanta shi da sauran kaɗe-kaɗen zamani shi ne, yawancin abin da ake ji ba a shirya shi tun daga gida ba. Makaɗan kan amince da take ɗaya da tsawon zagayensa, daga nan kowa ya ƙirƙiri nasa nan take, yana sauraron abin da abokansa ke yi. Shi ya sa idan ƙungiya ɗaya ta buga kiɗa ɗaya yau, ta sake bugawa gobe, ba za su fito iri ɗaya ba.

Kayan kiɗan sun kasu gida biyu. A gaba akwai na busa: kakakin Turawa, da kilarinet, da saksofon, wanda wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax ya ƙera, ya yi masa rajista a birnin Paris a 1846. A baya kuma akwai masu riƙe bugu: piyano, da jerin ganguna da fayafayan ƙarfe da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannuwa da ƙafafu, da kuma bas, wato wani ƙaton goge mai kaurin murya da ake tsayarwa a ƙasa ana jan tsirkiyarsa da yatsu. Akwai jaz mai waƙa, amma mafi yawansa kiɗa ne zalla.

Daga ina ya fito?

Mahaifar jaz ita ce New Orleans, birnin da Faransawa suka kafa a 1718 a gaɓar kogin Mississippi, suke kiransa La Nouvelle-Orléans. Amurka ta saye shi daga Faransa a 1803 tare da ɗaukacin yankin Louisiana. A wannan birni akwai wani fili da ake kira Dandalin Kongo, inda bayi ke taruwa ranar Lahadi suna kiɗa da rawa da ciniki, a lokacin da aka hana bayi ganga a wurare da dama na Amurka. Bayan an soke bauta a 1865, waƙoƙin aikin gona, da na coci, da kiɗan badujala na fareti da jana'iza, da waƙoƙin koke da ake kira bulus, duk suka haɗu a wannan birni mai tashar jiragen ruwa. Mabushin kakaki Buddy Bolden na cikin waɗanda ake cewa su suka fara harhaɗa su, sai dai ko faifai ɗaya nasa ba a samu ba. Faifan jaz na farko an ɗauke shi ne a New York a watan Fabrairun 1917, kuma ƙungiyar da ta samu wannan dama, Original Dixieland Jass Band, ta fararen fata ce zalla.

Masana sun daɗe suna bin sawun abin da ya tsallaka teku daga Afirka. Babu gardama cewa banjo, kayan kiɗan da ake ji a tsofaffin fayafayan jaz, ya samo asali ne daga molayen ƙwarya na Afirka ta Yamma, dangin gurmi. Gerhard Kubik, masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, ya kawo hujja a littafinsa Africa and the Blues na 1999 cewa salon rera bulus, mai jan murya da lanƙwasa ta, ya fi kama da waƙoƙin yankin Sahel da Sudan ta tsakiya fiye da kiɗan gangunan bakin teku. Cikin misalan da ya kafa hujja da su har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauki muryarsa a Kamaru a shekarun 1960. Wannan ba ya nufin daga ƙasar Hausa jaz ya fito. A Amurka aka haife shi, cikin wahalar wariyar launin fata, amma akwai dangantakar da kunne ke iya ganewa.

Zamunan da ya ratsa

Louis Armstrong, wanda aka haifa a New Orleans a 1901, shi ya mayar da jaz fagen da mutum ɗaya ke fitowa ya nuna bajintarsa, musamman a fayafayan da ya fara ɗauka da ƙungiyarsa ta Hot Five a 1925. A shekarun 1930 manyan ƙungiyoyi masu makaɗa goma sha biyar ko fiye, irin na Duke Ellington da Count Basie, suka cika gidajen rawa, jaz ya zama kiɗan da Amurka ke yayi. A shekarun 1940 wasu matasa a unguwar Harlem ta New York, irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk, suka fito da salon bibop, mai sauri da sarƙaƙiya, wanda aka fi zama a saurara maimakon a taka rawa.

Na'urar ɗaukar sauti ma ta taka rawa. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowace fuska, don haka dole makaɗi ya taƙaita. Da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, mai ɗaukar kusan minti ashirin a fuska ɗaya, sai makaɗa suka samu sarari su baje kolinsu. A irin wannan faifai ne Miles Davis ya fitar da Kind of Blue a 1959, John Coltrane kuma ya ɗauki A Love Supreme a watan Disamban 1964.

Jaz bai rabu da gwagwarmayar baƙaƙen fata ba. Waƙar Strange Fruit da Billie Holiday ta rera a 1939 tana magana ne a kan rataye baƙaƙe da gungun fararen fata ke yi a kudancin Amurka, faifan We Insist! na makaɗin ganga Max Roach a 1960 kuma ya haɗa neman ƴanci a Amurka da na Afirka.

Yadda ya shiga Faransa

Sojojin Amurka baƙaƙen fata na runduna ta 369 ne suka kai wannan salon kiɗa Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƴan badujalarsu, ƙarƙashin James Reese Europe, sun yi wasa a birnin Nantes a watan Fabrairun 1918. A 1925 Josephine Baker da Sidney Bechet suka iso Paris, daga baya dukansu biyu suka mayar da Faransa gida, domin sun samu mutuncin da ƙasarsu ta hana su. A 1934 makaɗin jita Django Reinhardt da mai goge Stéphane Grappelli suka kafa ƙungiyar Quintette du Hot Club de France, wadda ta nuna cewa ana iya yin jaz da kayan tsirkiya kawai. A Paris ɗin ne kuma, a watan Disamban 1957, Miles Davis ya ƙirƙiri kiɗan fim ɗin Ascenseur pour l'échafaud yana kallon hotunan fim ɗin a bango.

Komowarsa Afirka

Armstrong ya sauka a Akara a 1956, inda ya yi wasa da sarkin kiɗan hailaif E.T. Mensah. A ƙarshen 1960 ya dawo wani dogon rangadi da ya kai shi Najeriya, da Kamaru, da Kongo, da Sudan da wasu ƙasashe, har ya gana da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna. Duke Ellington ya yi wasa a Dakar a 1966, a bikin fasahar baƙar fata na duniya na farko. Mabushin saksofon da sarewa Yusef Lateef, Musulmi ɗan Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani.

Ƴan Afirka ma sun ɗauki jaz sun juya shi yadda suke so. Manu Dibango, haifaffen Duwala a 1933, ya tafi karatu Faransa a 1949, a can ya kamu da son jaz. Kiɗansa Soul Makossa ya fito a 1972 a bayan faifan taken gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci, ya kuma zagaye duniya. Fela Kuti ya fara ne da gauraya hailaif da jaz kafin ya kai ga afrobit, makaɗin gangarsa Tony Allen kuwa daga fayafayan Art Blakey da Max Roach ya ɗauki darasi. A Habasha akwai Mulatu Astatke, a Afirka ta Kudu akwai Hugh Masekela da Abdullah Ibrahim. A yau Richard Bona na Kamaru da Lionel Loueke na Benin suna cikin waɗanda ake ji da su a duniyar jaz.

Akwai wani abu da kan rikita mai neman jaz a kasuwar kaset ko a intanet. A shekarun 1950 da 1960 ƙungiyoyi da yawa sun liƙa kalmar a sunansu: African Jazz da OK Jazz a Kinshasa, Bembeya Jazz a Gini, Chari Jazz a Cadi. A wancan lokaci kalmar na nufin ƙungiyar zamani mai kayan busa da jita. Abin da suke kaɗawa rumba ce da kiɗan ƙasashensu, mai daɗi ƙwarai, amma ba shi ne jaz ɗin da ake magana a kai a nan ba.

Inda ake kasa kunne

Mafi yawan kiɗan jaz na bin tsari ɗaya. Da farko ƙungiya kan buga take, wato karin da ake gane kiɗan da shi, sau ɗaya ko biyu. Daga nan makaɗa su riƙa karɓar fage ɗaya bayan ɗaya: mai saksofon ya yi nasa, ya miƙa wa mai kakaki, shi kuma ya miƙa wa mai piyano. A ƙarshe a sake buga taken a rufe. Wanda bai san wannan ba, da zarar take ya wuce sai ya ga kamar kowa ya kama gabansa. Amma taken bai tafi ko'ina ba. Mai piyano da mai bas suna ci gaba da bin zagayensa daga farko zuwa ƙarshe, su koma su sake, a kan wannan zagaye ne mai busa yake ɗora maganarsa. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce mai sauraro ya riƙa rera taken a zuci yayin da mai busa ke nasa. Zai ga sun isa ƙarshe tare.

Ana iya ƙirga zagayen. Idan aka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu daidai da bugu, an cika gida guda. Zagayen bulus gida 12 ne. Tsofaffin waƙoƙin Amurka da ƴan jaz ke yawan ara kuwa gida 32 ne, an kasa su huɗu: takwas na farko, a maimaita su, a kawo wasu takwas dabam kamar an ratse hanya, sannan a dawo na farko. Wanda ya iya gane wannan ratse ya daina ɓata a cikin kiɗan.

Abu na biyu shi ne rausaya. A jaz ba a raba bugu gida biyu daidai wa daida. Rabin farko kan ɗan fi tsawo, na biyu ya gajarta, abin da ke sa kiɗan ya riƙa tafiya kamar takun doki mai ƙasaita. Mai bas kan ja sauti ɗaya a kowane bugu, kamar mai tafiya a ƙasa bai tsaya ba. Masu sauraro kan tafa a bugu na biyu da na huɗu, inda mai ganga ke haɗa fayafayan ƙarfe biyu da ƙafarsa ta hagu.

Abu na uku shi ne kira da amshi, wanda ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a gaban makaɗan Hausa. Kamar yadda aka san Mamman Shata da ƙirƙirar baituka nan take a kan kiɗan da masu kalangu suka riƙe masa, haka mai saksofon ke yi, sai dai shi da sauti yake magana. Mai piyano kan cike masa gurbi idan ya tsaya shan iska, mai ganga kan amsa masa da bugu ɗaya kamar mai cewa haka ne. Wani lokaci kafin a rufe, mai busa da mai ganga kan yi musayar gida huɗu-huɗu, wannan ya faɗa wancan ya mayar. A nan ne sau da yawa ake jin ƴan kallo suna shewa.

Na huɗu, kowane makaɗi da muryarsa. Kakakin Armstrong a buɗe yake, mai haske da ƙarfi. Na Miles Davis a shaƙe yake, yana barin sarari mai yawa tsakanin sauti da sauti. Coltrane kan kwararo sautuka kamar ruwan sama, Monk kuma kan bugi piyano a wurin da ba a zata ba, ya yi shiru a inda ake jiransa. Bayan ƴan makonni ana sauraro, mutum kan fara gane su kafin a faɗi suna, yadda ake gane muryar ɗan'uwa daga bayan katanga.

Fayafayan da suka dace da mai farawa

Moanin' na Art Blakey da ƙungiyarsa Jazz Messengers, 1958: piyano na kira, masu busa na amsawa da sauti biyu. Babu inda amshi ya fi fitowa fili.

So What na Miles Davis, 1959: a nan bas ne ke kira, sauran su amsa. Ya dace da koyon ƙirga gida 32.

West End Blues na Louis Armstrong, 1928: ɗan gajere ne, yana buɗewa da kakaki shi kaɗai, sauran kuma bulus ne mai gida 12.

Take Five na ƙungiyar Dave Brubeck, 1959: bugunsa biyar-biyar ne maimakon huɗu, kuma mai ganga na da fage mai tsawo.

Petite Fleur na Sidney Bechet, 1952: kari mai sanyi da ya shahara a ƙasashe masu amfani da Faransanci.

Song for My Father na Horace Silver, 1964: ya sadaukar da shi ga mahaifinsa, ɗan asalin tsibiran Kap Bar.

Mannenberg na Abdullah Ibrahim, 1974: an ɗauke shi a Cape Town, ya zama ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen masu yaƙi da mulkin wariya.

Masu fara sauraro kan fi amfana idan suka ɗauki kiɗa ɗaya suka ji shi sau uku ko huɗu, kowane karo suna bin kayan kiɗa guda: yau bas, gobe ganguna, jibi mai busa.

Me ke kawo daɗin?

Wani bincike da masana a Jami'ar McGill ta birnin Montreal a Kanada suka wallafa a 2011 ya nuna cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dopamin, mai alaƙa da jin daɗi, a lokacin da mutum ke sauraron kiɗan da yake so. Sun kuma gano cewa ana sakinsa tun kafin a iso wurin da ya fi ratsa mai sauraro, wato a lokacin da yake jira. Wannan ya shafi kowane irin kiɗa, daga goge zuwa rumba, amma jaz ya dogara ƙwarai da wannan jira. Makaɗi kan yi nisa da take har mai sauraro ya ɗauka ya ɓace, sai kuma ya dawo daidai kan bugu. Wanda ya san zagayen shi ya fi jin daɗin dawowar.

Rashin kalmomi ma na da nasa amfanin. Kiɗan da babu waƙa a cikinsa ba ya bukatar a iya Ingilishi ko Faransanci, kuma ba ya gogayya da tunanin mai ɗinki, ko direban da ke doguwar tafiya, ko mai lissafin ciniki da dare. Ana iya barinsa yana tashi a hankali ana aiki, ana kuma iya ajiye komai a ba shi minti tara ko goma cur, wanda ba ƙaramin hutu ba ne ga wanda ya saba da bidiyon daƙiƙa talatin a waya.

Kula da kunne da kuma aljihu

Ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, don haka bas kan ɓace gaba ɗaya, alhali shi ne ginshiƙin kiɗan. Abin sawa a kunne, ko mai araha ne, ko ƴar akwatin lasifika, ya fi. Sauti zalla ba ya cin kuɗin intanet kamar bidiyo, kuma ana iya sauke shi sau ɗaya a adana a katin waya.

Sai dai akwai iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin samun matsalar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne kada ya wuce disibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk lokacin da aka ƙara ƙarfi, lokacin da kunne zai iya jurewa na raguwa sosai. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Idan na kusa da mutum yana jin abin da ke tashi a kunnensa, ko kuma kunnen ya riƙa ƙugi bayan an cire, to ƙarfin ya yi yawa.

Inda ake ganinsa ido da ido

Tunda a gaban jama'a ake ƙirƙirarsa, jaz ya fi armashi a dandali. A Afirka ta Yamma akwai bikin Jazz à Ouaga na Wagadugu da na Saint-Louis Jazz a Senegal, dukansu tun farkon shekarun 1990 ake yin su. A Turai akwai na Montreux a Suwizalan tun 1967 da na ƙauyen Marciac a kudancin Faransa tun 1978. Cibiyoyin al'adu na manyan birane kan shirya wasanni, musamman a kusa da 30 ga Afrilu. A irin wannan zama, al'ada ita ce a tafa wa kowane makaɗi da zarar ya gama nasa fagen, ba sai an jira ƙarshen kiɗan ba.